Gidan Da Ake Kai Yaran Da Likitoci Suka Sallama

A gundumar Los Anjeles ta jihar Kalifoniya a Amurka akwai hukumar da ke kula da yara da iyali. A farkon shekarar 2017, yara kimanin 35,000 ne ke ƙarƙashin kulawarta, ciki har da waɗanda iyaye suka yar, waɗanda aka karɓe daga hannun iyaye saboda azaba ko sakaci, da waɗanda ba su da kowa a duniya. A cikinsu akwai wajen 600 da ciwonsu ya yi tsanani har aka ware musu sashe na musamman. A cikin 600 ɗin nan kuma akwai 'yan ƙalilan da likitoci suka yi iya yinsu, suka ce sai dai a mai da su gida a jira ikon Allah.

To, wane gidan? Jaririn da aka haifa aka gudu aka bari a gadon asibiti ba shi da inda za a mai da shi. Masu karɓar riƙo kuwa, da zarar sun ji an ce yaron nan ba zai daɗe ba, sai kowa ya ja da baya. Ba a ga laifinsu ba, don ba kowace zuciya ce za ta iya rainon jaririn da ta san ita za ta raka shi makwanci ba. Ma'aikatan hukumar sun shaida wa 'yan jarida cewa duk lokacin da irin wannan ta taso, suna ɗaya ne ke faɗo musu a rai. Sunan wani dattijo ne ɗan asalin Libiya, Musulmi, mai dogon gemu da taushin murya, mazaunin garin Azusa: Muhammad Bzeek. A duk faɗin gundumar, mai mutum kusan miliyan 10, shi kaɗai hukumar ta sani a lokacin da ke karɓar yaran da aka yanke ƙauna da rayuwarsu.

Malam Muhammad ya sauka Amurka a 1978, yana saurayin da bai kai shekara 25 ba, gwanin gudun yada-ƙanin-wani. Karatun injiniya ne ya kai shi. Kowa ya san abin da dangi ke jira idan ɗansu ya tafi karatu ƙasar waje: ya dawo da takardar shaida, ya sami ofis, ya riƙa ɗaukar albashi mai tsoka. Allah ya riga ya tsara masa wata hanya dabam, kuma ta hannun mace hanyar ta zo.

Sunanta Dawn, Ba'amurkiya. Kakanninta masu riƙon 'ya'yan wasu ne, a cikin haka ta tashi, ita ma ta fara karɓar riƙo tun farkon shekarun 1980. Ta mai da gidanta masaukin gaggawa, inda ake kawo yaron da aka ceto daga hannun masu cutar da shi kafin a sama masa wurin zama. Ta ƙware har ta riƙa koyar da masu son shiga harkar, musamman yadda ake jure ciwon yaro da mutuwarsa, har aka sa ta cikin kwamitocin jiha na gyara tsarin riƙo tare da likitoci da masu tsara doka. Wani abokinsu ne ya haɗa ta da Muhammad, har suka yi aure. A 1989 ya shiga aikin riƙo tare da ita, kuma daga nan bai sake fita ba.

Mutuwa ta fara shiga gidansu a 1991. Wata jaririya ce, 'yar wata mai aikin gona. Uwar tana da cikinta ta shaƙi maganin ƙwarin da jirgin feshi ke zubawa a gonaki, sai aka haifi yarinyar da lalurar ƙashin baya, aka naɗe mata jiki gaba ɗaya da filasta. Ba ta cika shekara ɗaya ba. Ranar 4 ga Yuli, ranar da Amurkawa ke bikin samun 'yancin kai, mata da miji suna cikin haɗa abincin dare rai ya yi halinsa. Bayan shekara 25 Malam Muhammad yana nan riƙe da hotonta, kuma ya faɗa da bakinsa cewa wannan mutuwar ta yi masa ciwo ƙwarai.

Wani, daga wannan rana, sai ya ce ya tuba, ba shi ba yaro marar lafiya. Su kuwa sai suka ƙara kutsawa ciki. Zuwa tsakiyar shekarun 1990 suka yanke shawarar cewa daga yanzu yaran da likita ya sallama za su riƙa karɓa. Irin waɗannan yara suna zuwa da wata takarda da ke cewa idan numfashi ya ɗauke ko zuciya ta tsaya, kada a danna ƙirji, kada a jona na'ura don dawo da su, tun da hakan ba zai ƙara musu komai ba sai wahala. Wanda ya sa hannu ya ɗauki yaro mai wannan takarda ya san a gidansa za a yi ta ta ƙare. Dalilinsu ɗaya ne, kuma ba su ɓoye ba: babu mai ɗaukar waɗannan yara, idan ba su ɗauka ba, a ɗakin asibiti za su cika tsakanin na'urori da ma'aikata masu canjin aiki.

Wasu daga cikin jariran ko suna ba su da shi. Malam Muhammad ya ba da labarin yadda takarda ke zuwa an rubuta jariri namiji ko jaririya mace kawai, don iyayen ba su tsaya sun raɗa suna ba. Shi ke sa musu. Mu da muka san matsayin ranar suna, muka san yadda ake tara dangi a yanka rago don a shaida wa duniya cewa wane ya iso, ba sai an yi mana dogon bayani a kan girman wannan ba.

Akwai wani yaro da aka haifa da gajeren hanji, wanda ba ya iya tsotse abinci yadda ya kamata. Shekara 8 ya yi a duniya, kuma a cikinsu sau 167 aka kwantar da shi a asibiti. Bai taɓa tauna abinci ya haɗiye ba. Duk da haka, idan lokacin cin abinci ya yi, sai a zaunar da shi a teburi tare da kowa, a ajiye masa farantinsa da cokalinsa, ba komai a ciki. Likita bai rubuta haka a kati ba. Masu gidan ne suka ga cewa yaron da ake cin abinci a bar shi a ɗaki zai san shi bare ne, su kuwa ɗa suka ɗauke shi.

Akwai kuma wata jaririya da kwana 8 kacal ta yi bayan an kawo ta gida. Ƙanƙantarta ta kai ga sai mai ɗinka wa 'yar tsana tufafi aka samu ya ɗinka abin da za a sa mata. Malam Muhammad da hannunsa ya ɗauki akwatin gawarta, kamar mai ɗauke da kwalin takalmi. Zuwa 2017, cikin gomman yaran da suka ratsa gidansa, ya binne wajen 10, wasu a hannunsa suka cika.

Jarrabawa ba ta tsaya kan 'ya'yan riƙo ba. A 1997 Allah ya ba su ɗa namiji, shi ne kaɗai na cikinsu. Aka haife shi wada, ga ciwon ƙashi mai saurin karyewa, ta yadda canza masa kunzugu ko sa masa safa kan iya karya shi. Mutumin da ya ba da rayuwarsa ga 'ya'yan wasu marasa lafiya, nasa ɗaya tilo ya zo a haka. Da aka tambaye shi ko ya taɓa jin haushi, ya ce a'a, haka Allah ya halicce shi, kuma yana sonsa yadda yake. Ya samo ɗan ƙaramin allon guga ya sa masa tayoyi, yaron ya riƙa hawa yana tura kansa da hannu yana zagaya gida. A nan za a ce karatun injiniya ya leƙo. Da yaron ya kai shekara 19, nauyinsa bai wuce kilo 30 ba, amma yana kwaleji yana karanta ilimin kwamfuta, yana zuwa aji a keken guragu mai lantarki. Ya tashi ya san cewa ƙannensa na riƙo ba masu daɗewa ba ne, kuma a haka ya so su.

Wajen shekarar 2000 ita ma Dawn ciwo ya kama ta. Farfaɗiya ce mai ƙarfi, idan ta tashi sai ta bar ta a galabaice kwana da kwanaki. Matar da ta saba tsayawa gaban jama'a tana koyarwa ta koma ba ta son fita, don tsoron kada ta faɗi a bainar mutane. Ciwon ya ci mata rai, ya taɓa zaman auren, suka rabu a 2013, ta rasu bayan shekara ɗaya da 'yan watanni. Har bayan rasuwarta, idan ya zo maganarta sai muryarsa ta sarƙe, yana cewa wajen fuskantar ciwon yaran da mutuwarsu ta fi shi ƙarfin zuciya.

A nan ne ya kamata mai karatu ya tsaya ya auna. Mutum ya doshi shekara 60, malamarsa a wannan aiki kuma abokiyar zamansa ta tafi, ga ɗa nakasasshe a gida, ga wata yarinyar riƙo da ba ta iya ɗaga ko yatsa. Da ya kira hukuma ya ce su zo su ɗauke ta, babu mai zarginsa. Bai kira ba.

Yarinyar nan tun tana wata ɗaya a duniya take hannunsa. An haife ta wani sashe na ƙwaƙwalwarta ya ɓullo waje ta wata kafa a ƙoƙon kai. Likitoci suka yanke abin da ya fito, amma yawancin ƙwaƙwalwar ba ta ginu ba. Ba ta gani, ba ta ji, hannu da ƙafa a shanye, ga jijjiga kullum. Kafin ita ya riƙe yara 3 masu irin wannan lalura, saboda haka ya san abin da ya ɗauka. Tana da shekara 6, nauyinta kilo 15 ne da ɗan ɗoriya. Aƙalla awa 22 a kowace rana tana jone da robar abinci da ta magani. A zaune take barci don kada ta shaƙe. Shi kuma sai ya kwanta a doguwar kujerar da ke kusa da tata, kunne a buɗe, barci rabi da rabi. Idan ka cire zuwa asibiti da sallar Juma'a, lokacin da ma'aikaciyar jinya ta rana ke zama da ita, da wuya a gan shi a waje. Shekaru ya yi a haka ba hutun kwana ɗaya.

Mai jinyar irin wannan yaro dole ya zama ya san aikinsa. Ya san awon magani da lokacinsa. Ya san yadda ake wanke roba don kada ƙwayar cuta ta shiga. Ya san juya marar lafiya don kada kwanciya ta ci masa fata ta zama gyambo. Ya iya bambance jijjigar da za ta lafa da wadda sai an garzaya asibiti. Ya gane yunwa da ciwo da jin sanyi a fuskar da ba ta magana. Likitarta a asibitin yara na Los Anjeles, inda ake duba ta, ta ce rayuwar da yarinyar ta yi har ta kai waɗannan shekaru, kulawarsa ce sanadi.

Abin da ya fi ɗaukar hankalin waɗanda suka ziyarce shi shi ne yadda yake mata hira. Ya san ba ta ji, ya san ba ta gani, amma kullum yana rungume da ita yana mata magana. Hujjarsa ita ce tana da rai, tana jin daɗi tana jin zafi, 'yar Adam ce. Ya ce ta taɓawa kaɗai ake isa gare ta, don haka yake riƙe ta, ta san akwai mutum a kusa.

A watan Disamba na 2016 ta cika shekara 6. Ya sa mata doguwar riga, ya gayyaci iyayen da suka haife ta. Ba su zo ba. Bai fasa ba. Ya durƙusa gabanta, ya kama hannayenta biyu yana tafa mata su, yana sanar da ita cewa ta kai shida. Ya kunna kyandir 6 a kan kek. Yarinyar ba za ta ga haskensu ba, ba za ta ji waƙar da ake mata ba, ba za ta ɗanɗani kek ɗin ba. Sai ya matso da shi kusa da fuskarta don ta ji ɗumin wutar. Mutumin da ya zauna ya yi tunani har ya gano cewa ƙofa ɗaya ta rage da farin ciki zai bi ya isa ga yarinyar nan, kuma ya nemo ƙofar, ya kai matuƙa a sana'arsa.

A ƙarshen wannan shekara ta 2016 aka gano yana da ciwon dajin hanji, aka sa ranar tiyata. Mai jinyar kowa ya tashi bai da mai jinya. Mata ta rasu, dangi suna Libiya, ɗansa ba zai iya ɗawainiya da shi ba. Shi kaɗai ya je asibiti. Daga baya ya faɗa a hirar talabijin cewa tsoro ya kama shi, yana ɗan shekara 62, kuma a nan ya ƙara gane halin da yaran nan ke shiga. Idan dattijo mai gemu zai firgita don ya kwanta gadon asibiti ba kowa a gefensa, ina ga jariri? Jiki magayi. Da ya tashi daga jinya, kan aikinsa ya koma.

Ranar 8 ga Fabrairu, 2017, jaridar Los Angeles Times ta buga labarinsa, wanda 'yar jarida Hailey Branson-Potts ta rubuta. Lokacin ya zo daidai da wata dambarwa. Ranar 27 ga Janairu, kwana 12 kafin nan, Shugaba Donald Trump ya sa hannu kan umarnin hana 'yan ƙasashe 7 masu rinjayen Musulmi shiga Amurka, har da Libiya. Ana tsakiyar muhawara kan ko Musulmi abin tsoro ne, sai Amurkawa suka buɗe jarida suka ga wanda ke binne yaran da suka rasa mai ɗauka. Ba ya tambayar addinin yaro ko launin fatarsa kafin ya karɓe shi, kuma bai ɓoye cewa imaninsa ne ke riƙe da shi ba.

Wata mata da labarin ya taɓa ta buɗe masa asusun taimako a GoFundMe, cikin 'yan kwanaki kuɗi suka haura dala 100,000. Abubuwan da ya ce zai yi da su sun nuna irin zaman da yake yi: na'urar sanyaya gida da ɗumama shi, gyaran rufi, motar da keken guragu zai shiga, kuɗin karatun ɗansa, da ƙarin ma'aikaciyar jinya don ya riƙa samun ɗan hutu. A 2018 gidauniyar Diyanet ta Turkiyya ta ba shi lambar yabo ta aikin alheri, kuma wani mai shirya fim ɗan Turkiyya, Ensar Altay, ya yi fim a kan rayuwarsa. Masu yabo suna ta kiransa mala'ika. Shi kuwa ya ce shi ba mala'ika ba ne, ba kuma gwarzo ba, abin da ya kamata ɗan Adam ya yi wa ɗan'uwansa yake yi. Yabon nan duka ya zo ne bayan ya shafe shekara 27 yana aikin ba wanda ya san shi sai ma'aikatan hukuma da na asibiti.

Labarin Amurka ne, tsarin riƙonsu dabam da namu, amma ciwon da yake magana a kai yana cikin gidajenmu. Nijeriya ce kan gaba a duniya wajen haihuwar yara masu sikila. Kusan kowace unguwa akwai yaron da aka haifa kansa na kumbura, ko wanda ya shekara biyar bai zauna ba, ko tsohon da shanyewar ɓarin jiki ta kwantar. Muna cewa ɗa na kowa ne, amma sau da yawa irin wannan yaro ƙuryar ɗaki ake tura shi don kada baƙi su gani, wani ma a ce ɗan ruwa ne, ba mutum ba. Jinyar kuma mun jibge ta a kan mata: uwa, kaka, gwaggo, ko wata ƙanwa da aka cire daga makaranta. Namiji ya biya kuɗin magani, ya tsaya bakin ƙofa ya ce ya mai jiki, ya sa takalmi ya fita. Ga wani namiji, mai ilimi, mai addini, ya shekara kusan talatin yana wanka da canza kunzugu da goge majina, kuma babu abin da ya ragu daga mutuncinsa.

Bayan da Birtaniya ta buɗe ƙofar biza ga masu kula da tsofaffi da marasa lafiya a Fabrairun 2022, 'yan Nijeriya da yawa sun ajiye aikin banki da koyarwa sun tafi wannan aiki. Neman halal ne, ba abin kunya ba. Sai dai ya nuna mana cewa aikin da muke rainawa a gida sana'a ce da ake koyo, ake ba da shaidarta, ake biya. Wanda ya ɗauke ta, a can ko a nan, ya ɗauke ta da ilimi da tsoron Allah, don wanda ke hannunsa ba ya iya kai ƙara.

Ba kowa ne zai iya abin da Malam Muhammad ya yi ba, ba kuma a nemi kowa ya yi ba. Amma akwai abin da kowa zai iya. Idan akwai mai jinya a gidanku ko maƙwabtanku, ka je ka karɓe ta na awa biyu ta samu ta runtsa. Idan mahaifinka ne a kwance, ka naɗe hannun riga ka koyi yadda ake juya shi da yi masa wanka, kada ka bar wa matarka da ƙannenka mata. Idan ka ɗauki mai jinya aiki, ka biya ta hakkinta cikakke kuma a kan lokaci. Idan ɗanka ko 'yarka suka ce wannan sana'ar suke so, ka sa musu albarka. Yaron nan kuma da ke ƙuryar ɗaki, a fito da shi tsakar gida, a kira shi da sunansa, a zaunar da shi cikin 'yan'uwansa. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya saka wa masu jinyarsu da mafificin alheri.